Yadda za ka riƙe matashi cikin bangaskiya, daga Litinin har Asabar

Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada wata mama 'yar zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofar coci, ta ce Malam dan Allah ka yi wa ɗanka magana, wata uku kenan bai tako nan ba, na yi faɗan na yi lallashin har na gaji. Na ce toh Mama in Allah ya yarda zan neme shi. Da na koma gida na zauna sai abin ya tsaya min a rai, domin yaron nan shekara huɗu yana ajina a makarantar Lahadi, ni na koya masa ayoyin haddacewa, amma ban san ɗakin da yake kwana ba, ban san ko ya ci JAMB ko bai ci ba, kai ban ma lura ya daina zuwa ba sai da uwarsa ta faɗa min. Wata uku fa. Tun daga ranar na canja yadda nake aiki da matasa, kuma abinda na koya shine zan rubuta anan domin iyaye da malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar matasa, da duk wani babba da yake kallon yaranmu yana jin wani abu a zuciyarsa.

Maganar a taƙaice itace wadda Hausawa suka riga suka faɗa, zumunta a ƙafa take. Wa'azi muna da shi, taron farkaswa muna yi, kwanan addu'a muna yi, amma yaro awa biyu ko uku yake yi a coci a sati, sauran lokacin yana hannun waya da abokai da majalisar bakin titi. In babu wani babba da yake takawa ya same shi a can inda yake, toh duk abinda aka faɗa masa ranar Lahadi kafin Laraba ya bi iska.

Fara da mutum uku, kada ka wuce biyar

Kuskuren da yawancinmu muke yi shine muna so mu gyara matasan ikkilisiya gaba ɗaya lokaci guda, sai a kafa kwamiti a buga takarda a gayyato baƙo mai wa'azi daga Jos ko Kaduna, a yi kwana uku ana kuka ana tuba, bayan sati biyu komai ya koma yadda yake. Ba na cewa taro ba shi da amfani. Amma kai ɗaya ba za ka iya riƙe mutum sittin ba. Ubangiji Yesu kansa sha biyu ya zaɓa, cikin sha biyun ma akwai uku da yake ja kusa, Bitrus da Yakubu da Yahaya.

Ka ɗauki ƙaramin littafi ka rubuta sunan matasa uku. Kada ka zaɓi waɗanda suke gaba gaba a waƙa da addu'a, su kowa na ganinsu. Ka duba na bencin baya, wanda yake shigowa bayan an gama baiko ya fice kafin addu'ar rufewa. A ƙarƙashin kowane suna ka rubuta unguwarsu, lambar wayarsa, ajinsa ko sana'ar da yake koyo, da wanda yake ciyar da shi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci sosai, domin a Zariya da yawa cikin matasanmu ba a gaban iyayensu suke ba, wani a gidan kawu yake a Muchiya, wani su huɗu suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki a Samaru, wata tana riƙo a gidan gwaggo a Tudun Wada tana aikin gida tana makaranta.

Sai ka je. Ka same shi a shagon da yake koyon walda ko ɗinki, ko ka ce ku haɗu wurin mai shayi ka saya masa shayi da burodi. Zuwa na farko da na biyu har na uku kada ka yi wa'azi, kada ka tambaye shi me yasa ba ka zuwa coci, ya riga ya shirya amsar wannan tun kafin ka zauna. Ka tambaye shi aiki, ka tambaye shi ƙwallo, ka tambaye shi yaya maigidansa yake riƙe shi, sannan ka yi shiru ka saurara. Shirun nan shine ya fi wuya, mu manya bakinmu ba ya iya zama. Amma yaro sai ya tabbata ba rahoto ka zo ɗauka ka kai wa fasto ba sannan zai buɗe ciki.

Ka'ida ɗaya wadda ba na sassautawa: maza su riƙe samari, mata su riƙe 'yan mata, iyaye ko mariƙa su san da maganar, kuma a haɗu a fili inda mutane suke gani. Wannan kariya ce ga yaron kuma kariya ce gare ka. Wasiƙar Bulus zuwa ga Titus sura 2 ma haka ta tsara, tsofaffin mata su koya wa ƙanana.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce a garin nan. Duk wanda ya san tarihin Wusasa ya san cewa Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929, ginin ƙasa irin namu na Hausa, tana nan har yau. Masu bi na farko ba yawa gare su ba, 'yan kaɗan ne, amma an zauna da yaran an ci abinci da su an koya musu karatu ɗaya bayan ɗaya. Cikin wannan ƙaramar al'umma aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa wanda asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, aka samu Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Ka kai matasanka su ga wurin, kuɗin mota kaɗan ne daga Kwangila, ku shiga ginin ku zauna ku yi addu'a, in da ƙarfi ku hau dutsen Kufena. Yaron da yake jin kamar shi baƙo ne a addininsa saboda yana Bahaushe ko yana jin Hausa, in ya ga bangon nan tunaninsa yana canjawa.

Gida

Anan zan ɗan daɗe domin anan ne abin yake gyaruwa ko ya lalace. Iyaye, ku yi haƙuri da abinda zan faɗa, ni ma uba ne kuma da kaina nake. Yaro ba abinda ka faɗa yake ɗauka ba, abinda ya ga kana yi shi yake ɗauka. Mai bin ka bashi ya yi sallama ka ce wa yaro je ka ce ba na nan, da yamma kuma ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta masa dokoki goma. Ka zagi matarka a gabansa da safe, da rana ka hau bagadi kana jagorar addu'a. Yana gani, ba zai yi magana ba don tarbiyyarmu ba ta yarda ba, amma yana ajiyewa, ranar da ya kai shekara sha takwas ya samu 'yancin ƙafarsa sai ya yanke hukunci a ransa cewa abin nan duk riga ce ake sawa ranar Lahadi.

Wanda ya fi ci min rai shine maganar jarabawa. Iyaye masu bi, dattawan ikkilisiya ma a ciki, su ne suke cire kuɗi daga aljihu su kai yaro makarantar da aka san ana rubuta amsa a allo lokacin WAEC ko NECO, sakamako ya fito a zo coci a yi godiya ta musamman da rawa. Yaron ya san yadda aka yi. Ka koya masa kenan cewa ana iya sata a kawo wa Allah godiya a kai, toh gobe in ya shiga ofis ya ga kuɗin gwamnati me kake so ya yi? In ɗanka ya faɗi lissafi ka nema masa mai koya masa, cikin ɗaliban ABU ko tsohuwar kwalejin ilimi ta FCE da suke cocinku akwai waɗanda za su yi da ɗan abin sabulu ko ma kyauta, ya sake zama a shekara mai zuwa. Shekara ɗaya da ya rasa ba komai ba ce in aka gwada da abinda zai rasa ta ɗaya hanyar.

Sai sujadar iyali. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ce a koya wa yara maganar Allah a zaune a gida da tafiya a hanya da kwanciya da tashi, wato cikin rayuwa ta yau da kullum. Kada ka mai da shi dogon abu. Minti goma sun isa, waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu gajere, addu'a. Ku zaɓi lokacin da zai yiwu kullum, in safiya ba ta yiwuwa saboda kowa na gudun makaranta da kasuwa toh bayan tuwon dare. Yau wannan ya karanta gobe wancan, har ƙaramin da yake haɗa baƙi da ƙyar. Kuma dan Allah kada a mai da lokacin addu'a kotu, inda Baba zai riƙa jero laifin kowa cikin addu'a yana cewa ya Ubangiji ka shiryi wane da ya ƙi wanke kwano. Yaran da aka yi wa haka suna girma da ƙin addu'a. Afisawa 6:4 da ubanni take magana kai tsaye, kada mu tsokane 'ya'yanmu har su yi fushi.

Abu ɗaya kuma da na ga yana aiki fiye da wa'azi goma: ranar da ka yi wa ɗanka ba daidai ba, ka kira shi ka ce na yi kuskure ka yafe min. Na san a al'adarmu da nauyi. Amma ta nan zai gane tuba abu ne na gaske da manya ma suke yi.

Ka sa shi ya buɗe Littafin da kansa

Matasanmu da yawa sun san labarin Dawuda da Goliyat da Yunusa cikin kifi amma ba su taɓa karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Kada ka ce ya fara daga Farawa ya bi a jere, zai maƙale a Littafin Firistoci ya ajiye. Ku fara da Markus, sura 16 ce kawai kuma labarin yana gudu, sura ɗaya a rana cikin sati uku an gama har da ranakun da aka tsallake. Bayan nan Karin Magana, sura 31, kowace rana ta wata da tata sura, in yau 12 ga wata sai a karanta sura 12, wanda ya manta jiya ba sai ya rikice ba.

Harshe kuma ka bar shi ya zaɓa. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa tun 1932, akwai kuma sababbin fassara da suka fi sauƙi ga yaran yanzu, kuma duk ana samu a waya kyauta. Wani Turanci yake karantawa a makaranta amma in abu zai shiga zuciyarsa sai da Hausa, wani kuma akasin haka. Wayar da kake kuka da ita, ka sa ta yi maka aiki, ku buɗe ƙaramin guruf a WhatsApp ku huɗu ko biyar, kowa in ya karanta ya rubuta abu ɗaya da ya gane da abu ɗaya da bai gane ba. Kada ka cika guruf ɗin da hotunan barka da safiya da saƙonnin tura wa mutum goma, za su kashe ƙarar su manta da shi.

In ya kawo tambaya mai nauyi kada ka tsawata masa. Yaron da yake zaune da abokai Musulmi a aji ko a shago dole za a tambaye shi yaya Allah zai zama uku kuma ɗaya, dole za a ce masa an canja littafinku, wanda yake jami'a kuma zai haɗu da lakcara ko aboki da zai ce masa addini duk tatsuniya ce. In ya zo maka da wannan ka ce masa kai shaiɗan ne ya shige ka, ba zai sake tambayar ka ba, zai je ya tambayi TikTok. Toma ya yi shakka a fili kuma Yesu bai kore shi ba, hannuwansa ya nuna masa. In ba ka da amsa a take ka ce ba ni zuwa Asabar, ka je wurin fasto ko wani da ya yi makarantar tauhidi, ga kwalejin St. Francis nan a Wusasa, ka dawo da amsa ranar da ka yi alkawari.

Ba shi aiki na gaske

Matashi in ba a ba shi abin riƙewa ba ba ya zama. Mu kuma aikin da muke ba su bai wuce jera kujeru da tada janareta da share haraba ba, maganar kuɗi da shawara da hawa bagadi sai masu furfura. Gaskiya ne abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma in ba ka taɓa barin sa ya hau ba yaushe zai koyi hange? Bulus ya bar Timoti a Afisa da ikkilisiya a hannunsa yana saurayi, ya kuma ce masa kada ya bari kowa ya raina ƙuruciyarsa, sai dai ya zama abin koyi a magana da hali, 1 Timoti 4:12 kenan.

Ka ba yarinya 'yar shekara sha bakwai ajin ƙananan yara ta koyar, da babba a gefe. Ka ba saurayi kuɗin zumunta ya riƙe ya kawo lissafi a rubuce duk ƙarshen wata, in ya ɓata naira ɗari biyar ku zauna ku nemo inda ta shiga, nan ne ake koyon amana. Ku shirya su je gaida marasa lafiya a asibitin Shika ko St. Luke na Wusasa, su da kansu su tara kuɗin sabulu da lemo su tsara tafiyar. Su je su gyara wa gwauruwa rufin ɗaki kafin damina. Yaron da ya taɓa riƙe hannun mara lafiya ya yi masa addu'a, in ya karanta Yakubu sura 2 inda aka ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce, ba sai an yi masa bayani ba.

Ƙungiyoyin da muka gada ma kada a raina su. Birged ta samari an kafa ta tun 1883 a Gilasgo, har yau fareti da ganga da yunifom suna jan yaran da wa'azi ba ya ja, kuma suna koya musu zuwa kan lokaci da bin na gaba. FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, an fara ta a Gindiri a 1957, da yawa cikin fastocinmu da dattawanmu can suka fara tsayawa gaban mutane. Ga 'yan Sabon Rai masu fita wa'azin bishara, ga ƙungiyar mawaƙa. Ka duba halin yaronka ka tura shi inda ya dace da shi, kada ka tilasta wa mai kunya ya riƙe makirfo.

Kira abubuwan da sunansu

Muna yawan cewa ku guji sha'awar duniya, ku guji zunubi, yaro ya ce amin ya fita bai san da me ake ba. Ka faɗi sunan abin. Cacar ƙwallo a waya, Bet9ja da SportyBet da sauransu, tana cin kuɗin makarantar yaranmu a ɓoye, yana farawa da naira ɗari, ya ci sau ɗaya, daga nan sai bin abinda ya rasa har ya taɓa kuɗin maigida. Alamarta ita ce rance ƙanana ƙanana da ba sa ƙarewa da kuma yadda ransa yake ɓaci ranar Asabar da Lahadi da yamma. Kayan maye, wiwi da tramol da maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018 amma bai ɓace daga lungu ba, kuma ba samari kaɗai ba har 'yan mata. Hotunan batsa a waya. Damfara ta intanet da ake kira yahu. Saurayi ko babban mutum mai mota da yake saya wa yarinya waya da data yana jiran biya.

Ka yi maganar nan tun kafin abin ya zo, rigakafi ya fi magani. Daniyel tun kafin a ajiye abincin sarki a gabansa ya riga ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba. Yusufu kuma a gidan Fotifar bai tsaya muhawara ba, rigarsa ya bari ya gudu. Ni nakan zauna da nawa mu gwada, in ce toh ga shi abokinka ya miƙo maka kwalba a bayan hostal kowa na kallo, me za ka ce? Ya faɗa da bakinsa, mu gyara, ya sake faɗa. Da farko dariya suke yi amma amsar da aka taɓa furtawa ta fi saurin fitowa ranar da ake bukatarta.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin jarabar nan talauci ne da zaman banza. Ba za ka ce wa yaro ya bar caca ba alhali ba shi da kuɗin aski. Cikin ikkilisiya akwai kafinta akwai tela akwai makaniki akwai mai gyaran waya akwai mai kiwon kaji, ka je ka roƙe su su ɗauki yaro ɗaya ɗaya. In yaron ya riga ya yi nisa a shaye shaye har jikinsa na rawa in bai sha ba, addu'a dole, amma a kai shi asibiti wurin likitocin ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne, kuma kada a ɗaure shi ko a doke shi da sunan cire aljani.

Maganar maƙwabta a gajarce. Mu a Zariya tare muke da 'yan'uwanmu Musulmi, kasuwa ɗaya makaranta ɗaya rijiya ɗaya, kuma wanda ya ga rikicin 1987 ko na 2011 ya san abinda wuta take ci in ta tashi. Ka koya wa matashi ya faɗi abinda ya gaskata ba tsoro amma da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Kada ya zagi addinin kowa a Facebook, kada ya tura abinda bai tabbatar ba, ya gaida dattijon unguwa ya je gaisuwar mutuwa da barkar suna. Halinsa ne wa'azin da maƙwabci zai fara ji.

Ranar da ya faɗi

Zai faɗi, ka sa wannan a ranka tun yanzu don kada ka karaya. Abinda muke yi a ranar shi yake nuna ko zai dawo. Na ga yarinya ta yi ciki aka sa ta a horo aka sanar a gaban jama'a aka mai da ita bencin baya, wannan tsarin ikkilisiya ne ban ce a soke ba, amma wata shida babu mace ɗaya da ta je ta zauna da ita, wanda ya yi mata cikin kuma yana nan yana yawonsa ba wanda ya ce masa kanzil. Ranar da aka cire ta daga horo ba ta zo ba, har yau ba ta zo ba. Horo domin a dawo da mutum ake yi. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, uban nan na Luka sura 15 kuma tun ɗansa yana nesa ya hango shi ya sheƙa a guje. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka in naka ya faɗi, a cikin satin nan za ka je, ba sai ƙura ta lafa ba. Ka faɗa masa gaskiya cewa abinda ya yi zunubi ne, kada ka shafa masa mai, sannan ka zauna ka ci abinci da shi. Sirrin da ya gaya maka kada ya zama abin roƙon addu'a a taron Laraba, in ka fallasa shi sau ɗaya ka rasa shi kuma ka rasa sauran domin labari zai kai musu. Sai dai in maganar ta shafi cin zarafin yaro ko yarinya ko wani yana neman kashe kansa, wannan ba a rufewa, ka gaya masa a fili cewa dole ka nemo taimako kuma ka nemo a ranar.

Zariya garin ɗalibai ne, duk shekara sababbi suna sauka a Samaru da Kongo da tsohuwar FCE da Nuhu Bamalli, yara daga Kafanchan da Zonkwa da Filato da Adamawa da ba su taɓa kwana nesa da gida ba. Sati biyu na farko su ne komai, wanda ya fara kama hannunsa shi zai bi. In kana da gida a garin nan ka ɗauki ɗaya ko biyu ka ce duk Lahadi bayan sujada ku zo ku ci tuwo. In kuma naka ne zai tafi wani gari karatu ko bautar ƙasa, kada ka tsaya a addu'ar sallama, ka nemo lambar wani mai bi a can ka haɗa su tun kafin ya hau mota, bayan sati ɗaya ka kira su duka biyun ka ji ko sun haɗu.

Yaron da mamarsa ta tare ni a kansa, a wani shagon gyaran waya na same shi wajen PZ. Ashe JAMB ya faɗi karo na biyu, abokan ajinsa duk sun samu gurbi suna zuwa coci ana yi musu murna, shi kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce yaya maganar makaranta, shine ya ga gara ya daina zuwa. Sai a zuwana na huɗu ya faɗa min wannan. Yanzu mun gama Markus muna cikin Karin Magana, yana zuwa sujada wani sati wani sati kuma ba ya zuwa, wani ɗalibin ABU yana koya masa lissafi ranar Asabar da safe, ni kuma duk Alhamis in na taso aiki nakan biya ta shagon mu sha shayi kafin in wuce gida.